Daga Jidda: Ni dai ba zan ɗauko allurar nan ba



 Wannan karon ba daga ɗakina mai sanyi na Ingila nake rubuto muku ba, ina Jidda gidan Gwaggo. Alhamdu lillahi na yi Umra ranar Talata, kuma na yi wa kowa addu'a, har da masu ƙin amsa mini imel. Jibi in Allah Ya yarda zan sauka Kano, sati biyu kacal malamin da ke duba aikina ya ba ni.

To, na san labari ya riga ni isa gida. An ce na yi wa Gwaggo rashin kunya, an ce boko ya hau mini kai, har na ji wai baƙin ciki nake kada Auta ta yi kyau ranar aurenta. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta da idonsa.

Ga yadda aka yi. Auta ta aiko mini da jerin tsaraba: abaya, turare, dabino, sai a can ƙasa ta rubuta "allurar feftayid, kwalba goma, Gwaggo ta san wurin." Na ɗauka kemis za mu. Bayan mun gama da Bab Sharif sai Gwaggo ta sa mai tasi ya shiga da mu wani lungu, muka hau bene gidan wata mata, Bahaushiya ce haihuwar nan. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta kawo shayi, sannan ta buɗe kabad. Kwalaye ne jere: na hasken fata, na rage ƙiba, da wasu 'yan kwalabe wai na gyaran tsufa, waɗanda aka rubuta a jikinsu da Turanci cewa don bincike ne kawai, ba don jikin mutum ba. Duka sunansu ɗaya a bakinta, feftayid. Na tambaye ta lambar rajista, ta yi dariya ta ce wa Gwaggo, "'Yar taki likita ce?" Na ce a'a, ɗaliba ce, amma wannan abin shi nake karanta shekara uku ke nan. Na ajiye kofi na ce mu tafi. Iyakar rashin kunyar ke nan.

Kalmar nan feftayid da ake faɗa kamar sunan wani waliyyi, ba sunan magani ba ce. Jikinmu yana gina nama da jini da wasu ƙananan tubala, ana ce musu amino asid. In aka jera kaɗan daga cikinsu kamar carbi, shi ne feftayid. Shi ke nan! Kamar a ce "ganye" ne: zogale ganye, zaƙami ma ganye. Wanda ya ce miki sha, ai ganye ne, bai gaya miki komai ba.

Kuma kada wani ya ce ina ƙin abin ne. Insulin ɗin da Baba ke yi wa kansa safe da yamma daga wannan dangi yake, tubali 51 gare shi. A Toronto aka gano shi a 1921, a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, kafin nan irin ciwon sukarinsa hukuncin kisa ne. Allurar da aka yi wa Yaya lokacin da jini ya ɓalle mata a haihuwar fari, oksitosin, tubali 9 ce, a 1953 aka fara haɗa ta a ɗakin bincike. Da ba don ita ba, Allahu a'alamu. Amma ku duba yadda ake tafiyar da su: an san nawa ake yi, an san wa ake yi wa, an san illarsu, kuma a firji suke kwana. Ko kun manta yadda Inna ke tayar da hankalin gida in NEPA ta ɗauke wuta kwana biyu saboda insulin ɗin Baba?

Ita wadda Auta ke so sunanta gulutatayon, tubali uku ce, kuma jikin kowa yana yin kayansa, musamman hanta. An lura a ɗakin bincike tana iya rage aikin sinadarin da ke ba fata launi, sai 'yan kasuwa suka ɗauki wannan zance ɗaya suka gina bene a kai. Ba a yi wani babban gwaji na ƙwarai da ya nuna ɗura ta a jijiya don haske yana da aminci ba. Ƙasar Filifin, inda abin ya fi tashe, hukumar magungunansu ta yi gargaɗi tun 2011, ta sake a 2019. Abin da suka lissafa ba wasa ba ne: taɓuwar ƙoda, rikicewar maƙoƙo, da wani ciwo da fata ke saɓulewa kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa. A wurinsu amfanin da aka amince mata shi ne taimaka wa masu karɓar wani maganin daji. Hukumar Amurka ma ta ce ba ta amince da wata allurar hasken fata ba ko guda. Wannan fa in abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a kwali. Sannan wa zai ɗaura ruwan? Yarinyar mai gyaran jiki, a kan katifa, tsakanin dilka da halawa? Jijiya hanya ce miƙaƙƙiya zuwa zuciya, duk ƙazantar da ta bi allura ba mai tace ta.

Ta rage ƙibar kuwa ita ta fi ba ni tsoro, don asalinta maganin gaske ne. Ozempic, a 2017 aka amince da shi a Amurka don masu ciwon sukari, kuma yana aiki. Amma kafin a fara amfani da shi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi. Na matar nan a kabad yake, a Jidda, garin da ko da dare gumi kake. Kuma jabunsa ya cika duniya. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi wa kansu na jabu, ashe insulin ne a ciki. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In an iya shigar da jabu Ingila, kabad ɗin lungu fa?

Gwaggo, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta kawo hujjarta a mota, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ta ce shekararta talatin a garin nan, ta ga amare da yawa sun yi, ba wadda ta mutu. Na yarda ba ta ga gawa ba. Amma wadda ƙafarta ta fara kumbura bayan wata takwas, ba gidan mai allura take komawa ba, kuma danginta ba allura za su zarga ba, kishiya za su zarga. Sai ta ce, "Ai kayan Saudiyya ne, ba na Sabon Gari ba." Nan ne fa raina ya ɓaci. Mu dai da an ce abu daga Saudiyya yake, sai mu ɗauka an wanke shi da zamzam. Ita Saudiyyar tana da hukumar abinci da magunguna tun 2003, har manhajar waya gare su mai suna Tameni da ake duba kaya masu rajista. Abin da aka ɓoye wa hukumar ƙasa a kabad ba kayan ƙasar ba ne, ratse kawai ya yi. Tsarkin Makka bai bin kwali ya hau jirgi.

Na shafawa ba ni da rigima da su sosai. Akwai mayukan da ke ɗauke da ƙananan feftayid, gwaje-gwaje ƙanana sun nuna suna ɗan sassauta tamoji, ko da yake yawanci masu sayarwa ne suka biya kuɗin gwajin. Kolajin ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin roba kuwa ya yi girman da ba zai ratsa fata ba, laushi kawai yake sa ta a sama. Asarar a aljihu take tsayawa, in dai ba a cakuɗa man da sinadarin bilicin ba, wanda shugabar NAFDAC ta zo har Kano a 2023 ta kira shi matsalar gaggawa ta ƙasa.

Abin dariya, a can inda nake karatu 'yan matan Turawa suna sayen wani feftayid a intanet, melanotan, suna tsira wa kansu don su yi duhu. Hukumarsu tana ta gargaɗi, ba sa ji. Su suna biya su zama mu, mu muna biya mu zama su, kuma ba mamaki masana'anta ɗaya ke cika kwalaben.

Auta, da ke nake yanzu. Ni na goya ki, na san kalar da kika zo da ita duniya, kuma a haka yaron nan ya gan ki ya yi ta sintiri ƙofar gidanmu shekara biyu. In wata a danginsa ce ta ce amarya sai da haske, gaya mini ko wace ce, ni zan je in gaishe ta. In kin yi fushi ki yi, na fi son ki ƙi yi mini magana ranar kamu da in riƙa raka ki wankin ƙoda. Kuma kada ki aiki wata 'yar Kano-Jidda a bayan idona, Gwaggo ta yi mini alkawari a gaban Ka'aba, ko da yake da ƙyar.

Kuɗin allurar da kika turo na ƙara nawa a kai na saya miki 'yan kunne a Balad, da kurkum da turaren wuta mai kyau. Yaya, a turo mota filin jirgi, akwati uku ne, ɗaya duk dabinon Baba ne, kuma a gaya masa a gaban Inna zan ba shi, ƙwaya uku a rana.

Sai na iso.