Gwamnati ta Koma Waya, Shin Sabis ya Kai Tsaskiya?

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta sanar da rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, kwanaki kaɗan bayan an ɗauki irin wannan mataki a Zamfara. Manufar ita ce a toshe hanyar da 'yan bindigar Dajin Rugu ke samun labari daga masu kai musu tsegumi. Tsawon watanni, mutumin Tsaskiya da maƙwabtansa sai sun yi tattaki zuwa inda ake samun sabis kafin su ji muryar ɗa ko ƙane da ke ci-rani, ko su karɓi ɗan abin da aka turo musu. Wanda aka kawo wa hari da dare kuwa ba shi da hanyar neman ɗauki.

Mun tuno da wannan ne domin a daidai shekarun nan gwamnati ta kwashe yawancin hidimominta ta mayar kan waya da kwamfuta. An ƙaddamar da lambar banki ta BVN a 2014. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta baki ɗaya. A Disamba 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuya, aka ce jama'a su koma tiransifa. Kowanne daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, kuma wasunsu sun yi amfani: haɗa albashi da BVN ya taimaka wajen bankaɗo ma'aikatan bogi, asusun bai-ɗaya na TSA kuma ya tattaro kuɗin gwamnati da suka warwatsu a bankuna.

Amma duk tsarin an gina shi ne bisa zaton cewa kowane ɗan ƙasa yana da sabis, da cajin waya, da hanyar da zai bi lafiya zuwa ofis. Wannan zato bai dace da ƙauyukan yammacin Katsina ba. Ɗalibin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, da bazawarar da aka rufe wa layi saboda NIN, da manomin da ya kai gero kasuwa aka rasa sabis ɗin da za a biya shi, su ne suka fi buƙatar gwamnati, kuma su ne sabuwar ƙofar ta fi rufewa a fuskarsu.

Rubuta sunayen jama'a domin kowa ya samu haƙƙinsa tsohuwar al'ada ce a tarihin Musulmi. Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya kafa Diwani, rajistar da ake bi wajen rabon dukiyar baitulmali. Darajar rajista tana cikin wanda ta ƙunsa. Idan ta tsallake raunana, to ta zama hanyar tauye haƙƙi, kuma amanar tana wuyan wanda ya tsara ta.

Akwai darasi daga Kenya. Tsarin tura kuɗi na M-Pesa, da aka fara a 2007, ya karɓu a karkara ne saboda yana aiki da ƙaramar waya ba tare da intanet ba, kuma akwai wakilai a kusa da mutane. An auna fasahar da ƙarfin talaka, shi ya sa ta zauna.

Ra'ayinmu shi ne a fara daga tushe. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana, tare da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, su matsa a kafa turakun sadarwa masu aiki da hasken rana a waɗannan garuruwa, a kuma ba su tsaro kamar yadda ake ba duk wani ginin gwamnati. Sannan duk hidimar da aka mayar kan waya a bar mata ƙofa ta biyu: jami'in da za a iya samu a sakatariyar ƙaramar hukuma, da masu rajista da za su riƙa bin kasuwannin mako. A kuma tsara saƙonnin gwamnati da Hausa, a rubuce da kuma a murya.

Haka nan fasahar ta zama madubin da talaka zai duba shugabanni. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, babu dalilin da zai hana kowace ƙaramar hukuma bayyana abin da ta samu duk wata da inda ta kashe shi, ta rediyo da saƙon waya.

Ku kuma ɗalibai, akwai naku nauyin. Ku zama idon iyayenku wajen cike fom da karanta saƙo, ku gargaɗe su kada su ba kowa lambar sirrin asusunsu, kuma ku tantance labarin hari kafin ku yaɗa shi a WhatsApp, domin jita-jita ma tana tayar da gari. Allah Ya kawo zaman lafiya a Tsaskiya da kewayenta, Ya ba shugabanni ikon sauke amana.