A Kula Da Ƙananan Kalmomin Turanci Kafin A Dangwala Hannu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa, musamman mu da ke zaune bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Malam Edita, yanzu kusan kowace takarda da ta shafi dukiyarmu da Turanci ake rubuta ta: takardar ɗaukar kaya, ta cinikin gona, ta kwastan. Mu kuwa idanunmu na kan kuɗi da yawan buhuna kawai. To amma akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi masu nuna wuri, waɗanda su ke yanke hukunci in gardama ta tashi.

Mu da Hausa harafin "a" ya ishe mu. Mukan ce a kasuwa, a Bagudo, a hanya. Shi kuwa Bature raba su ya yi. In wuri ne takamaimai kamar tasha ko shingen kwastan, sai ya ce "at". In cikin gari ne ko jiha ko ƙasa, sai ya ce "in". In kan hanya ne ko bisa wani abu, sai ya ce "on". Ban da waɗannan, "to" shi ne zuwa, "from" daga, "via" ta, "near" kusa da, "across" kuwa ƙetare.

Ga misali. A ce ka yi wa direba lodin albasa za a kai Segbana ta ƙasar Benin, ta hanyar Tsamiya. In aka rubuta "to Segbana via Tsamiya", to sai ya kai maka kaya har can. In kuwa mai rubutu ya sa "to Tsamiya" kawai, direba na da gaskiya in ya sauke maka kaya nan gida Nijeriya ya juya. Kai ne da neman wata mota, da kuɗin 'yan dako, albasa kuwa ba ta jiran a gama shari'a. Haka nan "at the border" da "across the border". Na farko bakin iyaka ne. Na biyu an riga an shiga wata ƙasa, inda kuɗi sefa ne, takardu da Faransanci, jami'ai kuma ba namu ba. Duk wanda ya ga yadda kaya suka maƙale lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu.

Batun gona ma haka yake. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar Bagudo, kuma kowa ya san darajar fadamar shinkafa. Takardar da ta ce gona tana "near the river" ba ta faɗi iyaka ba, domin kusa ba ta da ma'auni. Wadda ta ce "across the river" kuwa ta maida gonar wancan ƙetare ɗungurungum. Yau masu cinikin suna raye, sun san abin da suke nufi. Gobe magada ne za su tsaya gaban alƙali, shi kuwa abin da ke rubuce zai duba.

Wani zai ce ai mutunci da shaidu sun wadatar, kamar yadda iyayenmu suka yi. Gaskiya ne, amma su ba su dangwala hannu kan abin da ba su ji ba. Shaida na mutuwa, takarda na nan.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, kada kowa ya dangwala yatsa sai an karanta masa da Hausa, ya tambaya ƙarara: daga ina, ta ina, zuwa ina, a ina za a sauke? Akwai doka a ƙasar nan mai kare wanda bai yi karatu ba, wadda ta ce mai rubuta wa wani takarda ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a karanta wa mai ita a bayyana masa kafin ya sa hannu. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Na biyu, cinikin da ke tsakaninmu a rubuta shi da Hausa, boko ko ajami. Harshenmu bai gaza ba: muna da cikin, kan, bakin, gindin, gefen, bayan da ƙetaren, kowanne da wurinsa.

Na uku, ina kira ga malaman firamare da su koyar da waɗannan kalmomi da sunayen garuruwanmu, irin su Illo, Lolo da Ka'oje. Yaran nan su ke karanta mana takardu a gida, in sun gane mun huta.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu gane, ya kuma ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Matsinkai, Ƙaramar Hukumar Bagudo,
Jihar Kebbi.