Wasiƙa Zuwa ga Masu Tuƙa Katafila a Rundunar Sojan Amurka



'Yan uwa masu tuƙa katafila da gireda da injin haƙa da na ɗaga kaya, waɗanda ke cikin kaki yanzu da dattawan da suka ajiye shi tuntuni, na sojan ƙasa da 'yan Seabees na sojan ruwa da na RED HORSE na sojan sama, ina gaishe ku. Cikinku akwai 'ya'yanmu da suka taso a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi kafin abinci ya kai su Amurka, shi ya sa na rubuta da Hausa, don iyali ma su ji.

Maganar asbestos ce. Da yawanku na ɗauka wannan matsalar waɗanda suka yi aiki a ɗakin injin jirgin ruwa ce. Su suka fi shaƙa, ba musu. Amma tun daga shekarun 1930 har ƙarshen shekarun 1970, kusan duk inda ake tsoron zafi ko gogayya an cusa wannan ma'adini: fatar birki, farantin kuloci, gasket, abin da ake naɗe salansa da shi. Wanda ya yi aiki a wancan zamani ya san yadda ake yi. A buɗe gangar birki, a ɗauko tiyon iska a fesa, ƙura mai launin toka ta turnuƙe gareji, ta sauka a gira da gashin baki da kofin shayin da aka ajiye kan taya. A kakkaɓe riga a ci gaba da aiki. Sannan ga rusau: tsohon bariki, rufi, sili, tayil, bututun ruwan zafi, duk bakin katafila ke farfasa su, direba kuma na zaune a tsakiyar ƙurar, sau da yawa ba gilashi ba takunkumi. Waɗanda suka ture tsofaffin gine-gine a Iraƙi da Afganistan kada su ce wannan labarin kakanni ne.

Zaren asbestos ido ba ya ganinsa, kuma in ya shiga huhu ya zauna ke nan. Yana jawo taurin huhu da ake kira asbestosis, da kansar huhu, da ta maƙogwaro, da mesoteliyoma, wato kansar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wadda ke kama mutum kusan 3,000 duk shekara a Amurka. Mugun halinsa shi ne jinkiri: shekara 20 zuwa 50 kafin ya nuna kansa. Saurayin da ya fesa birki a 1975 yana ɗan shekara 20, yau ya kai saba'in, sai yanzu hawan bene ke gagararsa. In numfashi ya fara yankewa, ko tari ya ƙi tafiya, ko aka ce ruwa ya taru a ƙirji, ku faɗa wa likita da bakinku cewa kun yi aiki cikin asbestos, kada ku jira ya tambaya. Mai shan taba kuma ya daina, don taba da asbestos in sun haɗu haɗarin kansar huhu ninkuwa yake yi. Uwargidan da ta riƙa kakkaɓe kakin nan kafin wanki, ita ma a duba ta.

To, ina haƙƙinku? Gwamnati dai ba a kai ta ƙara a kan wannan. Tun 1950, a shari'ar Feres, Kotun Ƙoli ta yanke cewa soja ba zai kai gwamnati ƙara ba kan cutar da ta same shi a bakin aiki. Nan da yawa ke saduda, alhali ƙofa ɗaya ce kawai aka rufe.

Ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, tana biyan diyyar naƙasa duk wata ba tare da haraji ba, kuma kansar da ake fama da ita ana sa ta a mataki na 100 bisa 100 in an amince daga aikin soja ta samo asali. In mutum ya rasu, matarsa na iya neman kuɗin DIC, wato diyyar iyalan mamaci. Babu wa'adin nema, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion na taimakawa da cike takardu kyauta. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku don shigar da buƙatar farko, ku guje shi, doka ta hana.

Sai kamfanonin da suka ƙera kayan. Na san akwai mai cewa ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Ban raina tawakkali ba, amma a san da wa ake magana. Wasiƙun da shugabannin Johns-Manville da Raybestos-Manhattan suka yi musaya a shekarun 1930, waɗanda suka fito fili a 1977, sun nuna sun san cutar suka zaɓi yin shiru. Da ƙararraki suka yi yawa, Johns-Manville ya bayyana karayar arziki a 1982, Federal-Mogul a 2001, Garlock mai yin gasket a 2010, aka kafa asusun amana kusan 60 da aka zuba wa fiye da dala biliyan 30 don biyan waɗanda suka kamu. Asusun ba ya buƙatar zaman kotu, sai dai wani kaso kawai yake biya na abin da aka ƙiyasta. Kamfanonin da ke tsaye kuwa ana kai su ƙara, kuma yin haka ba ya soke diyyar naƙasa ta VA. Za su ce soja ne ya tsara musu yadda za su ƙera, hujjar da shari'ar Boyle ta 1988 ta ba su, amma a 2019, a shari'ar DeVries, Kotun Ƙoli ta goyi bayan iyalan sojojin ruwa kan cewa wajibi ne kamfani ya yi gargaɗi. Nan akwai wa'adi, kuma gajere ne: shekara 3 a New York, shekara 1 kacal a Kalifoniya, ana fara lissafi kusan daga lokacin da aka gano cutar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hujja. Takardar sallamarku, DD-214, cewa za ta yi direban manyan injuna. Ma'aikacin da ke duba fayil bai taɓa kwanciya ƙarƙashin katafila D7 ba, zai ɗauka kan kujera kuka ƙare aikinku. Ba kuma a ɗaukar cutar asbestos kai tsaye a matsayin ta aikin soja, sai an nuna. Saboda haka tun kuna da lafiya ku sami littafi ku rubuta: wane sansani, wace shekara, Fort Leonard Wood ne ko Port Hueneme ko Gulfport, wane inji, sau nawa kuka taya bakanike sauya birki, wane suna ke jikin kwalin kayan gyara, wane gini kuka rusa. Ku rubuta har ayyukan da kuka yi bayan barin soja, don za a tambaya, kuma ɓoyewa ɓata ƙara take yi. Ku nemi abokan aiki su rubuta shaida tun suna raye, VA na karɓa. Kada ku dogara da ma'ajiyar gwamnati: gobarar St. Louis ta 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18.

Ku da ke kan aiki yanzu, hanin da hukumar kare muhalli, EPA, ta yi wa farin asbestos a Maris 2024 bai cire shi daga tsohon inji da tsohon gini ba. Kada a fesa birki da iska, a jiƙa a goge. Kada bakin katafila ya taɓa gini sai an bincika shi, kuma duk ranar da kuka shiga irin wannan ƙura ku sa a shigar da ita fayil ɗinku na asibiti.

Lauyoyin da ke talla a talabijin tsakar dare, wasunsu dillalai ne, miƙa ku za su yi ga wani. Yawanci lauya na ɗaukar kashi 33 zuwa 40 na abin da aka samu, in ba a samu ba babu biya. Kafin ku sa hannu ku tambaye shi: shi da kansa zai tsaya a kotu, a wace jiha zai shigar, kuma kuɗin ɗawainiya kafin kasonsa ake cirewa ko bayansa.

Allah ya ba marasa lafiyarku sauƙi. Wassalam.