Kada A Sake Mai Da Mu Fagen Fama

Lokacin da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, mutane da yawa sun ɗauka yaƙin cacar baki ya tafi ke nan. Ashe wutar ba ta mutu ba, toka ce ta lulluɓe ta. Tun da Rasha ta auka wa Yukiren a watan Fabrairu na 1922 da ƙari ɗari, wato 2022, manyan dauloli suka sake jan daga. Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024, alhali kuwa dukansu biyu sun daɗe suna 'yan ba-ruwanmu.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne tsinkewar igiyoyin da suka ɗaure makaman ƙare dangi. Amurka ta fice daga yarjejeniyar 1972 ta taƙaita makaman kakkaɓo rokoki a 2002. Wadda Reagan da Gorbachev suka sa wa hannu a 1987, ta hana rokoki masu matsakaicin zango, ta rushe a 2019. A 2023 kuma Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar 2010, wadda ta ƙayyade wa kowane ɓangare kawunan nukiliya 1,550 a girke.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibi da rigimar Turai? To, a tambayi Kwango, inda aka kashe Lumumba a 1961. A tambayi Angola, inda Amurka da Afirka ta Kudu suka tsaya wa wani ɓangare, Sobiyat da Kyuba suka tsaya wa ɗayan, aka yi ta zub da jini daga 1975 har 2002. Masu makaman suna can gidajensu lafiya lau, kaburburan kuwa a Afirka aka haƙa su. Yau ma ga alama a maƙwabta: sojojin Faransa sun bar Nijar a 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, a 2024 ɗin kuma masu horas da soja daga Rasha suka sauka Yamai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayinmu a fili yake. Ba mu yarda a kafa sansanin sojan wata babbar daula a ƙasarmu ba, ko ta Gabas ko ta Yamma. Wanda ya sallami wani ubangida don ya ɗauko wani, sunan ubangida kawai ya sake. A yi ciniki da kowa, a nemi ilmi wurin kowa, amma kada a ba kowa aron ƙasa ya yi yaƙinsa a kanta.

Wannan matsayi gādo ne a gare mu. A 1960 ɗalibai suka yi zanga-zanga a Ikko don ƙin yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila, kuma a Janairun 1962 aka soke ta. A Janairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya tsaya a Addis Ababa ya ƙi bin ra'ayin Amurka a kan Angola. Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta shirya muhawara a kan wannan al'amari, ta kuma nemi Majalisar Tarayya ta bayyana wa jama'a duk wata yarjejeniyar soja kafin a sa mata hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.