Wutar Da Ba Ta Dafa Tuwon Kowa

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Fatakwal ko Warri ya san harshen wutar nan da ke ci dare da rana a filayen haƙar mai. Iskar gas ce mai fitowa tare da ɗanyen mai, kamfanoni ke ƙone ta a banza, don tara ta ya fi ƙone ta tsada.

Tun 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana wannan ɓarna daga 1984. Da wa'adi ya cika, sai aka ƙyale kamfanoni su biya 'yar tara su ci gaba. A 2005 Babbar Kotun Tarayya a Binin ta yanke hukunci cewa yin haka tauye haƙƙin rayuwar jama'a ne. A 2021 kuma, a taron Glasgow, Nijeriya ta yi alkawarin daina ƙara wa duniya hayaƙi mai ɗumama ta nan da 2060. Har yau wuta tana ci.

Mutanen Neja Dalta ne ke shaƙar hayaƙin, amma asarar ta kai Arewa. Iyalan da aka baro a gida da itace suke girki, ana sare bishiyoyi, hamada tana matsowa. Masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe, rashin lantarki yana cikin dalilan.

Saboda haka wajibi ne a ɗaga tarar har ta fi kuɗin tara gas ɗin, kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara a 2020 ya kai wuta masana'antu. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu su matsa wa wakilansu na Majalisa a kan haka.