Ke wane irin gida kika iya gyarawa?

Akwai tambayar da ta maimaitu a saƙonninku kwanan nan, daga Kotonu, Kumasi har Duwala. Mace ce mai hannun gyara, kowa na yabon ɗakinta, duk bikin da aka yi a unguwa ita ake kira jere, amma abin da take komawa gida da shi bai wuce cincin da "Allah ya saka" ba. To ta yaya za ta mai da wannan baiwa sana'a?

Amsata ita ce, ki daina cewa kina gyara kowane irin gida. Wadda ta ce komai ta iya, 'yar aiki ake ɗaukarta, kuɗin 'yar aiki kuma za a ba ta. Ki zaɓi matsala guda, ki ƙware a kanta har sunanki ya manne da ita, yadda in an ce lalle ko gyaran jiki kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sana'ar kimtsa gida ba baƙuwa ba ce a duniya. Marie Kondo, 'yar ƙasar Japan, da ita ta yi suna, musamman bayan shirinta ya fito a Netflix a 2019. Ita ma ba komai ta kama ba, hanya ɗaya ta riƙe: a tara kaya iri-iri, tufafi daban, littattafai daban, takardu daban, duk abin da ba ya faranta wa mai shi rai a rabu da shi. Dabarar tarawa iri-iri tana da kyau, ki ɗauka. Amma batun zubarwa, a yi hattara. Kayan ɗakin mace Bahaushiya dukiya ce. Kwanukan da kike gani jibge a kabad ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, ajiya ce ta ranar da ba a fata, ko gudummawar auren 'yarta. Kika ce wa Hajiya ta zubar, kin gama aiki a gidan.

Jeren amarya shi ne wanda kowa ya sani, kuma nan ne aka fi cunkoso. Dangin amarya na yi kyauta, masu kwalliyar biki ma sun shigo. In ba ki da wani abu na daban, kar ki fara da shi.

Wanda nake ganin ya fi dacewa da mu mazauna ƙasashen waje shi ne gidan da ya koma sito. Ku dubi zamanmu a Nima ko Sabon Zongo a Akara, ko Zongon Kotonu, ko unguwar Birkitari a Yawunde. Ciki da falo ne, haya da tsada, a Gana ma sai mai gida ya nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Wa zai ƙara kama sito a haka? Sai maigida ya sauke dilar gwanjo a falo, kwalayen takalma a ƙarƙashin gado, uwargida kuma ga nata turaren wuta da atamfofin sayarwa. Yara na kwana tsakanin buhuna. Ranar da mai saye ya ce a kawo masa dozin biyu na abu kaza, sai an zazzage gidan kaf, wani lokaci ma a sake saro abin da yake nan kwance ba a gani ba.

Mai gyaran irin wannan gida jari take cetowa, shi ya sa ba a ƙyashin biyanta. Aikinta na farko raba kayan kasuwa da kayan gida, ko da labule ne za a sa a tsakani. Daga nan sai sanin halin kaya. A garuruwan bakin teku danshi ne babban abokin gaba, ba kamar Kano ko Maraɗi ba inda ƙura ce damuwar. Kwalin da aka ajiye a kan siminti a Duwala, kafin damina ta wuce ya jiƙe ta ƙasa, shadda ta yi fumfuna, takalmin fata ya yi fari fat. Dole a ɗora kaya kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango don iska ta ratsa. Sabulu da turare ba sa zama kusa da shinkafa ko gari, abincin zai ɗauki ƙamshin. Maganin ƙwari can sama inda hannun yaro ba ya kai, kwali kuma nesa da tukunyar gas. Tsohon kaya a gaba, sabo a baya, musamman man shafawa da duk abin da ke da ranar lalacewa a jikinsa. A rubuta sunan abin da ke ciki a gefen kwalin da ake gani, ba a samansa ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma wallahi gidaje nawa ne ba sa yi?

Ki haɗa da takardu. Fasfo, katin zama, katin allurar shawara, takardun haihuwar yara, rasit ɗin kwastan, duk a roba mai murfi guda ɗaya, a sama. Wanda ya ga ambaliyar Akara ta watan Yunin 2015 ya san dalili.

Akwai kuma ƙaura. Fatake ba sa daɗewa wuri ɗaya, yau an tashi daga Lome an koma Abijan, gobe iyali za su koma gida gaba ɗaya. Wadda ta iya tantance abin da ya cancanci kuɗin mota da wanda gara a sayar a nan, ta ɗaure kaya yadda tangaran zai isa lafiya, ba za ta rasa aiki ba.

Na ƙarshe mai nauyi ne, ba na kowa ba: kayan mamaci. In ɗan kasuwa ya rasu a baƙon wuri, matarsa na takaba wata huɗu da kwana goma, magada wasu na gida, kayan amana na mutane sun cakuɗe da nasa. Aikinki a nan ki ware, ki ƙirga, ki rubuta a gaban shaidu. Ko tsinke ba ki da ikon bayarwa sadaka kafin a raba gado. Wannan ya fi dacewa da mace mai shekaru wadda unguwa ta yarda da ita.

To ya za ki gane naki? Ki duba me ake yawan kiranki a kai tun kafin ki fara karɓar kuɗi, da kuma aikin da ba ya gundurarki ko kin wuni a kansa. In ke 'yar gidan 'yan kasuwa ce, kin taso kina ƙirga kaya, ai kin riga kin yi rabin karatun. Ki gwada gida uku, ki ɗauki hoton kafin da bayan gyara da izinin matar gida, amma kar fuskar kowa ko yawan hajarsu ta fito. Bakinki kuma ki ɗinke shi. Kin shiga uwar ɗakin mutane, kin ga abin da suka mallaka da bashin da ke kansu, magana ɗaya ta fita a gidan suna, Zongo gaba ɗaya ya rufe miki ƙofa.

Batun kuɗi, ki je ki ga gidan tukuna kafin ki faɗi farashi, hoton WhatsApp ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin gado. Ki yanka kuɗin a kan ɗaki, ba a kan wuni ba, ki karɓi kafin alƙalami, kuɗin robobi da katako kuma daban, na masu gida ne. Ki tabbatar maigidan ya san da zuwanki, don rabin kayan nasa ne. In da hali ma a sa yaron shagonsa ya tsaya a wurin ranar ƙirga.