Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Ilimin Almajirai: A Duba Allo Kafin a Ƙara Gini

 

Mai girma Shugaba yana riƙe da hukumar da aka kafa a 2023, dab da saukar Shugaba Muhammadu Buhari. Kafin ta zuba kuɗi a sabon gini, akwai abin da ya kamata ta tsaya ta kalla da kyau, wato yadda yaro ke koyo a tsangaya.

Da sassafe kolo ɗan shekara bakwai zai durƙusa gaban malam da allonsa ya biya karatun jiya. In ya yi tuntuɓe a aya guda, a mayar da shi. Ba zai wanke allon ba sai karatun ya zauna daram a bakinsa. Na gefensa yana kan babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani titibiri ya haura izu goma, duk a inuwa ɗaya, kowa da inda ya tsaya. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya jiran kowa, wanda kansa ke da nauyi kuma ba a jan sa da ƙarfi. Gardawa ne ke biya wa ƙanana, su ma haddarsu na ƙara kama ƙasa. Da wannan tsari ake samun alaramman da zai zauna da tawada da alƙalamin gamba ya rubuta izu sittin da ka.

A firamaren gwamnati da yawa kuwa, shekara ce ke ciyar da yaro gaba, ko ya gane ko bai gane ba. Aji cike maƙil, malami ɗaya, ga darasi da Turancin da yaran ba sa ji a gida. Shi ya sa ake samun ɗan aji shida da bai iya karanta wasiƙar Hausa ba. Amma fa boko na da abin da allo bai bayarwa: lissafi, kimiyya, da takardar shaidar da ke buɗe ƙofar jami'a da aiki.

Ciwon tsangaya yunwa ce. A da malam na noma da almajiransa da damina, gari kuma na ciyar da su. Yau yaro ne a birni da roba a hannu, yana bin ƙofa-ƙofa neman ɗan tuwo, ƙafa ba takalmi, jiki duk ƙazwa, ga shi nesa da uwarsa a shekarun da ya fi bukatarta. Wanda ya kwana da yunwa jikinsa ba ya girma yadda ya kamata, kuma harafi ba ya zama masa.

An sha gwada magani. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka gina irinta sama da 150. Da yawansu sun lalace ko an mayar da su wani abu daban, domin an yi gini ba a jawo alarammomi a jiki ba, ba a kuma tanadi kuɗin ciyarwa mai ɗorewa ba. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda yaran a motoci ana mayar da su jihohinsu. Abin takaici ne, kuma da yawansu sun dawo.

Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta tallafa, ya bi wata hanya a Kano. An bar yaro a tsangayarsa, aka horar da matasan unguwa suna koya masa Hausa, lissafi da Turanci na 'yan sa'o'i, da yardar malaminsa.

Roƙon mai wannan wasiƙa shi ne hukumar ta ɗora daga nan. A yi wa tsangayu rajista, a ba su abinci da ruwa da makewayi, a tura musu malaman lissafi a lokutan da alaramma ya amince. A hana tura ƙaramin yaro wani gari ba tare da guzuri daga iyayensa ba. Wanda ya sauke ko ya haddace a ba shi shaidar da sakandare za ta karɓa bayan jarrabawa. Sannan Mai girma Shugaba ya gaya wa abokan aikinsa na hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) su gwada dokar allo a aji ɗaya zuwa uku: kada yaro ya wuce darasi sai ya iya shi.

Wassalam.